Yadda Ake Shirya Zaman Karatun Gajerun Labarai a Maradi

Marubuta ba su yi mana kaɗan ba a Maradi. Akwai ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke cika kaye da labarai, akwai matan aure da ke rubutu a waya bayan yara sun yi barci, akwai malaman makaranta da suka adana rubuce-rubucensu cikin akwati shekara da shekaru. Abin da muka rasa shi ne wurin da marubuci zai tsaya gaban jama'a ya karanta da bakinsa, ya ga inda aka yi dariya, inda aka yi tsit, da inda mutane suka fara duba waya. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar, amma doka ba ta tara wa marubuci masu sauraro. Wannan aikinmu ne, kuma bai fi ƙarfin mutum huɗu ba.

Mutanen da za su ɗauki nauyi

Ku nemi mutum huɗu: mai karɓar labarai, mai gabatarwa a ranar zama, mai kula da wuri da kaya, da mai riƙon kuɗi. Lallai a samu mace cikinsu, don galibin masu rubuta ƙagaggun labaran Hausa a yau mata ne, kuma mace ta fi sakin jiki ta miƙa rubutunta ga ƴar'uwarta. Kada ku fara da kafa ƙungiya da zaɓen shugaba da sakatare. Ku yi zama uku tukuna, lokacin za ku san masu aiki da masu son suna.

Wuri da lokaci

Aji ko harabar makaranta ranar da babu karatu, gidan matasa da al'adu, ko tsakar gida mai faɗi da inuwa, duk suna yi. Fada na da daɗin zama kuma akwai shayi, sai dai yawancin fadoji a bakin hanya suke, ƴan kabu-kabu na wucewa, kuma mata ba za su zo su zauna ba. Kafin ku tsayar da wuri, ku je can daidai lokacin da za a riƙa zaman. Ɗaya ya tsaya ya karanta shafi guda da muryarsa ta yau da kullum, ɗaya ya koma can baya ya saurara. A nan ne za ku gano injin niƙa na maƙwabta ko mai walda da ba ku lura da su ba da safe. Ku duba kuma inda rana take faɗowa da yamma, ku jera zama ta yadda ba za ta daki idon mai karatu ko na masu sauraro ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga bayan la'asar zuwa dab da magariba. Abin da za ku samu a tsakani bai wuce awa biyu ba, don haka ku tsara zaman awa ɗaya da rabi, ragowar na masu latti ne da gaishe-gaishe. Ku kauce wa Litinin da Juma'a, ranakun kasuwar Maradi ne. Asabar ko Lahadi sun fi, kuma ku kafe a kan rana guda, misali Asabar ta farko a kowane wata, yadda mutum ba sai ya tambaya ba.

Shekara ma tana da nata hukunci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu zama a waje ya fi daɗi, amma ƙurar hunturu na busar da maƙogwaro, sai a ajiye wa mai karatu ruwa mai ɗumi. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ko bayan la'asar bango na huci, don haka inuwar bishiya ta fi ɗaki mai rufin kwano. Da damina hadarin yamma ba ya sallama, dole wurin ya kasance da rufi, kuma ku sani wasu za su tafi gona. Da azumi ku dakata, ko ku mayar da zaman bayan asham idan mata za su iya fitowa.

Tattara labarai da zaɓensu

Mako uku kafin zama ku yi shela cewa ana karɓar labarai, ku rufe karɓa saura kwana goma. Ku faɗi tsawo tun farko. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, tana neman labari mai kalmomi 1000 zuwa 1500, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga zaman karatu. Mai karatu a natse yakan furta kalmomi wajen 120 a minti, ke nan labari mai kalmomi 1200 zai ci minti 10. Labarai huɗu sun isa zama guda. Wani zai kawo muku babi na bakwai daga dogon littafinsa ya ce zai yi bayanin abin da ya gabata kafin ya fara. Ku ba shi haƙuri, ku ce ya kawo labarin da ya fara kuma ya ƙare a cikin takardunsa.

Labarin da ya yi daɗi a ido ba lallai ya yi daɗi a kunne ba. Mai karanta takarda idan ya ɓace zai koma baya, mai sauraro kuwa ba shi da wannan dama. Saboda haka mai karɓar labarai ya karanta kowanne da ƙarfi, shi kaɗai a ɗaki, yana lura da abubuwa kaɗan. Mutanen labarin nawa ne? Idan sun wuce huɗu, kunne zai fara cakuɗa su. Sunayensu sun yi kama? Halima da Salima, ko Habu da Habibu, a labari ɗaya wahala ce ga mai sauraro, sai a roƙi marubuci ya sauya ɗaya. Labarin ya shiga magana da wuri, ko kuwa an ɓata shafi guda ana siffanta fitowar rana da kyawun yarinya? Idan aka tsallaka shekaru ko aka koma baya, akwai jimlar da ta sanar da haka a fili?

Batun abin da labari ya ƙunsa yana buƙatar natsuwa. Ni ban ga dalilin hana marubuci taɓo auren dole, saki, kishi, bashi, almajirci, ko tafiyar samari Aljeriya da Libiya ta hanyar Agadas ba. Waɗannan su ne rayuwarmu, kuma labarin da ya gudu daga gare su ba ya riƙe mai sauraro. Amma a tuna za a karanta ne inda uwa da ɗiyarta, ko suruki da surukinsa, za su iya haɗuwa a tabarma ɗaya. Hausa na da hanyoyin sakaya zance da yawa, marubuci ya yi amfani da su. Sannan Maradi gari ne da aka san juna. Idan labari ya ɗauko rigimar wani gida a Bagalam ko Mokoyo ya sauya suna kawai, kafin magariba an gane ko su waye. Irin wannan a mayar wa mai shi ya sake gini.

Kada a gyara wa marubuci harshensa ya koma na Kano. Idan tsohuwar labarin ƴar Tibiri ce, a bar ta ta ce "mi kake so" da "ya tahi" da "shina nan". Idan yaron cikin labari ya ce zai je lakwal wajen mushe, ko ya ce an ɗauke kuran, haka yaranmu suke magana, kuma masu sauraro za su ji nasu ne. Labarin wani marubuci da ba ya nan kuwa, ba a karanta shi sai da izininsa, kuma a ambaci sunansa kafin a fara.

Ku bar gurbin minti biyar ga tatsuniya. Akwai iyayenmu mata da ba su taɓa riƙe biro ba amma sun fi mu sanin inda ake jan numfashi da inda ake sakin magana. Marubuci matashi zai koyi abu da yawa daga kallon yadda "ga ta nan ga ta nanku" take tattaro hankalin manya da yara lokaci guda.

Gyaran takardar karatu

Nan ne aikin da ba a gani yake, kuma nan ne zama ke gyaruwa ko ya lalace. Da yawanmu da Faransanci muka yi makaranta, sai muka saba rubuta Hausa da ƙa'idarsa: "tchikin" maimakon "cikin", "kouana" maimakon "kwana", "chi" maimakon "shi". A saƙon waya ba laifi, amma a gaban jama'a mai karatu zai riƙa tuntuɓe. A sake buga labarin da daidaitacciyar ƙa'idar Hausa, a sa masu lanƙwasa duka, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan babu su, mai karatu zai iso kan "kasa" bai sani ba ko gazawa ake nufi ko ƙasa, sai ya furta ɗaya, ya ga ba ta zauna ba, ya koma. Rubutunmu kuma ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Gari" na iya zama birni ko na tuwo, "fari" na iya zama launi ko rashin ruwan sama. Duk kalmar da ta taɓa ruɗa mai karatu a wajen gwaji, ya sa mata alamar da shi zai gane.

A buga da manyan haruffa, girman 14 ko 16, a bar fili tsakanin layuka, a fuska ɗaya ta takarda, a sa lamba a kowane shafi. Kada jimla ta karye tsakanin shafi biyu, gara a bar ƙasan shafi fayau. Mai karatu ya ɗauki biro ya ja ɗan layi a tsaye inda zai numfasa, layi biyu inda zai dakata sosai, ya ja layi ƙarƙashin kalmar da ke ɗauke da nauyin jimla. A gefen takarda ya rubuta harafin farko na sunan mai magana, don ya san muryar wa zai ɗauka tun kafin ya buɗe baki.

Karatu daga waya ina hana shi. Kira na shigowa, haske na mutuwa, yatsa na zamewa labari ya gudu, ga shi kuma kan mai karatu na sunkuye, muryarsa na tafiya ƙasa.

Gwaji

Kwana biyu ko uku kafin zama, masu karatu huɗun su haɗu da mai gabatarwa, kowa ya karanta nasa tun daga farko har ƙarshe, agogo na aiki. Wanda ya zarce minti 12 ya rage. Inda bakin marubuci ya sarƙe sau biyu a jimla ɗaya, laifin jimlar ne, a raba ta biyu. A rage "ya ce" da "ta ce" inda murya ta riga ta nuna mai magana, a ƙara su inda aka ruɗe.

Kusan kowane sabon mai karatu sauri yake yi, don tsoro na tura shi ya gama ya zauna. Maganinsa shi ne ya zaɓi mutum guda a layin baya ya riƙa karanta masa, yana ɗaga kai a ƙarshen kowane sakin layi. Wani kuma yakan wuce gona da iri, ya maƙale murya don ya yi ta mace, ya yi kukan ƙarya, ya buga ƙafa. Karatun labari ba wasan kwaikwayo ba ne. Ɗan sassauta murya ko ɗan ƙara mata kauri ya isa a gane tsoho daga yarinya. Idan akwai waƙa a cikin labarin, a yanke shawara a nan ko rera ta za a yi ko faɗa, kada a bari sai a gaban mutane.

Akwai marubuciyar da ba za ta iya zuwa ba, ko don tana Tasawa ko Dakoro ko Mayahi, ko don gida ba a bar ta ba. Ta zaɓi wanda zai karanta mata, ko ta yi rikodin da muryarta ta turo a kunna. Idan ta fi son a sakaya sunanta, a sakaya, kuma mutum huɗun nan su riƙe amana.

Izini, gayyata da kuɗi

Ku je ku gai da mai unguwa ku ce masa, "Ranka ya daɗe, za mu riƙa taruwa sau ɗaya a wata muna karanta labaran Hausa, mun zo mu sanar da kai." Idan wurin na hukuma ne ko za ku sa lasifika a fili, ku nemi izini a rubuce daga ma'aikatar magajin gari tun da wuri. Gayyata ta saƙon murya a WhatsApp ta fi rubutacciya isa ga mutane. Sanarwa a gidajen rediyo irin su Anfani ko Garkuwa ku bar ta sai zaman ya kafu. Mutum 20 zuwa 30 sun isa zaman farko, kuma wannan adadi ba ya buƙatar lasifika. In sun fi haka, ku ari ƙaramar lasifika mai caji, ku cika ta tun safe.

Kuɗin da ake buƙata na buga takardu ne, da ruwa, da ganyen shayi da sukari da gawayi. Masu shiryawa su haɗa dala 100 ko 200 (wato sefa 500 ko 1000) kowanne, a ajiye ƙwarya a bakin ƙofa ga mai son taimakawa. Kada a sa kuɗin shiga, kada kuma a saba wa mutane da rabon kuɗin mota.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya: kada ku shirya teburin manyan baƙi. Da zarar an sa uban taro da babban baƙo mai jawabi da baƙo na musamman, sai a jira su har rana ta yi ja, su zo su yi jawabi, ladan ya kira salla labari biyu ba a karanta ba. Duk babban da ya zo a karrama shi da kujera mai kyau a gaba, ya saurara tare da kowa.

Ranar zama

Ku iso awa guda kafin lokaci, a share, a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. A shimfiɗa tabarmi a gaba, bencina a baya, a yi su kamar rabin da'ira, ɓangaren mata da na maza kowa na ganin mai karatu daidai. Mai karatu ya ba bango baya, bangon zai taimaka wajen turo murya. Mai shayi ya zauna can gefe, kuma ya san ba a zuba shayi ko zagayawa da kofi ana cikin karatu.

A fara a kan lokaci ko da mutum shida ne. A buɗe da gajeriyar addu'a, mai gabatarwa ya faɗi ƙa'idoji cikin minti biyu: a kashe ƙarar waya, mai latti ya tsaya a ƙofa sai labari ya ƙare, ba a ɗaukar hoto ko murya sai da yardar mai karatu. Gabatar da marubuci jimla biyu ce, sunansa da sunan labarinsa, sai a ce, "Malama, bismilla." Shi ma marubucin kada ya fara da ba da haƙuri ko bayanin abin da labarin ke koyarwa.

Jerin labarai na da muhimmanci. A fara da gajere mai kama hankali daga bakin wanda ya saba. Sabon shiga ya zo na biyu, lokacin jama'a sun natsu kuma bai daɗe yana jiran tsoro ba. Sai hutun minti goma na shayi da kunun aya ko zoɓo, sai tatsuniya, sai labari mafi nauyi, a rufe da mai sa raha.

Bayan kowane labari a ba da minti bakwai na tattaunawa. Idan aka bar ta sakaka, abu biyu ke faruwa: ko kowa ya ce "Allah ya ƙara basira" a tashi ba a ƙaru ba, ko a koma shari'ar mutanen labarin, ana gardamar ko matar ta kyauta da ta bar gidan mijinta. Mai gabatarwa ya riƙe tambayoyi uku ya riƙa jefawa: wane wuri ne ya tsaya maka a rai, a ina ka ɓace, me ka so a ƙara nuna maka? Marubuci ya yi shiru yana rubutawa, sai a ƙarshe a ba shi minti ɗaya. Wannan shirun na da wuya, amma wanda ya tsaya kare kansa ba ya jin abin da ake gaya masa. Idan mutum uku suka ce sun ɓace a wuri ɗaya, to akwai gyara a wurin, ko da marubucin na ganin ya bayyana.

A hana tambayar nan ta "ko ke abin ya faru da ke?" Ita ce ke sa mata da yawa su daina kawo rubutu. Mai gabatarwa ya tare ta da cewa labari ƙagagge ne, a yi magana a kan abin da ke takarda. Idan dattijo ya ɗauki magana ya miƙe, ba a katse shi da gatsali. A jira ya numfasa a ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, mun ƙaru. Bari mu ji ta bakin ɗiyarka can baya kafin a kira salla." A riƙa ba mata da matasa dama da gangan, don in an bar abin ga mai ɗaga hannu, mutum uku ne za su yi ta magana.

Saura minti 15 a kira magariba a rufe, a faɗi ranar zama na gaba da ranar rufe karɓar labarai.

Bayan an watse

A mayar da bencina da tabarmi a daren, a bar wurin fiye da yadda aka same shi. Mai karɓar labarai ya buɗe babban kaye ya rubuta kwanan wata, sunayen labarai da marubutansu, minti nawa kowanne ya ci, da yawan waɗanda suka zo. Mai riƙon kuɗi ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ya karanta wa sauran ukun. Waɗanda labarinsu bai samu shiga ba a kira su ɗaya bayan ɗaya a gaya musu dalili, wanda nasa ya cancanta a sa shi farko a wata mai zuwa.

Rikodin da aka ɗauka a fara tura wa marubucin, shi zai ce a yaɗa ko a ajiye. Mai niyyar shiga gasa ya karanta sharuɗɗanta kafin ya yarda a saka labarinsa a intanet, don gasa da dama ba sa karɓar abin da aka riga aka wallafa. Idan kun cika shekara kuna zama, za ku tarar da labarai sama da 40 a hannunku. Ku zaɓi goma ko sha biyu da marubutansu suka gyara bayan tattaunawa, ku buga ƙaramin littafi a nan gari, ko ku tuntuɓi masu wallafa littattafan harsunan ƙasa irin su Gashingo a Yamai. Kafin a kai ko shafi ɗaya wajen bugawa, kowane marubuci ya sa hannu a takardar da ta nuna labarin mallakarsa ne, ya ba da izinin wannan bugu kaɗai, da kuma yadda za a raba abin da aka samu idan an sayar.